Martani: Ba Na'ura Ce Ta Koya Wa Likitoci Ƙaryata Mai Ciwo Ba

Wani babban likita, wanda ya daɗe yana horar da na baya, ya rubuta maƙala kwanan nan yana neman a rufe wa ƙirƙirarriyar basira ƙofa a duk inda ake koya wa likitoci aikin kula da raɗaɗi. Hujjarsa ita ce ciwo ba abu ba ne da ake ɗorawa a sikeli, a bakin gadon majinyaci ake koyon sa, a ƙarƙashin idon babba. Na'ura kuwa ba ta da jiki, ba ta taɓa kwana tana juyi saboda haƙori ba, don haka ba ta da abin da za ta koya wa kowa. Ya ƙara da cewa manhajojin nan suna shara ƙarya ba ko ƙifta ido, suna ɗauke da wariyar launin fata, kuma za su mayar da matasan likitoci cima-zaune.

Rabin maganarsa gaskiya ce, zan ma kawo masa hujjojin da suka fi nasa ƙarfi a kan wannan rabin. Inda muka raba hanya shi ne yadda ya zana bakin gado tamkar wata tsarkakakkiyar makaranta da baƙuwa ta zo gurɓatawa. A duk fannonin likitanci, ban san inda wannan zane ya fi saɓa wa tarihi kamar fannin raɗaɗi ba.

Har tsakiyar shekarun 1980, a manyan asibitocin Amurka da Ingila, ana yi wa jarirai bakwaini tiyata ba tare da isasshen maganin kashe zafi ba, wani lokacin ma babu ko kaɗan. Ana yi musu allurar da ke kashe tsoka don kada su motsa, sai a sa wuƙa. Masu yin haka ba mugaye ba ne. An koya musu cewa jijiyoyin jariri ba su ƙosa ba, ba ya jin zafi yadda babba ke ji, in ma ya ji ba zai tuna ba, kuma maganin barci ya fi wuƙar haɗari a gare shi. Manyansu ne suka koya musu, a ɗakin tiyata, hannu da hannu, irin koyarwar da marubucin ke kewa. Sai da wata uwa a Amurka ta bincika abin da aka yi wa ɗanta lokacin aikin zuciya a 1985, ta fito ta yi ta kuka a jaridu. Sai kuma wani matashin likita ɗan asalin Indiya, Kanwaljeet Anand, da abokan aikinsa a Oxford suka auna jinin irin waɗannan jarirai, suka buga sakamakon a mujallar Lancet a 1987: waɗanda ba a ba maganin kashe zafi na fentanil ba, jininsu ya cika da sinadaran firgici, kuma sun fi samun matsala bayan aiki. A shekarar ce ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito ta ce wannan ɗabi'a ba ta da madogara. Da yawa daga cikin masu karanta wannan martani an riga an haife su a lokacin.

In an ce wannan tsohon labari ne, ga sabo. A 2016, Kelly Hoffman da abokan aikinta a Jami'ar Virginia sun tambayi fararen ɗaliban likitanci da likitoci masu neman ƙwarewa su 222. Kusan rabinsu sun yarda da aƙalla ɗaya daga cikin wasu camfe-camfe game da jikin baƙar fata, har da cewa fatarsa ta fi ta Bature kauri. Waɗanda suka yarda da camfin su ne suka fi rage wa baƙar fata makin ciwo, suka fi kuskure wajen zaɓa masa magani. Shekara shida ke nan kafin manhajar hira ta ChatGPT ta fito.

Kuskuren ma ba a ɓangaren hana magani kaɗai ya tsaya ba. A watan Janairun 1980, mujallar likitanci ta New England ta buga wata 'yar wasiƙa mai jimla biyar daga Jane Porter da Hershel Jick, wadda ta ce cikin majinyata 11,882 da aka ba magungunan dangin mofin a gadon asibiti, huɗu kacal aka samu sun kamu da jarabarsu. Maganar waɗanda ke kwance ne a asibiti, ana ba su na ɗan lokaci. Amma da OxyContin, wani maganin dangin mofin, ya shigo kasuwa a 1996, sai wasiƙar ta zama hujjar rubuta wa mai ciwon baya ƙwayoyi ya tafi gida da su wata da watanni. Wasu masu bincike a Kanada sun ƙirga a 2017, suka tarar an kafa hujja da ita sau 608, mafi yawa don a ce jaraba ba abar damuwa ba ce. Malamai suka faɗa wa ɗalibai, ɗalibai suka zama malamai. Kowa ya san gawarwakin da Amurka ta kwasa daga baya.

To, batun cewa na'ura ba ta taɓa jin ciwo ba. Haka ne. Sai dai likita namiji ma bai taɓa naƙuda ba, kuma likitan da ba shi da sikila bai san abin da ke faruwa a ƙashin mai sikila da tsakar dare ba. Ciwon haƙorin likita bai ba shi lasisin sanin ciwon wani ba, sau da yawa ma shi ke ruɗin sa, ya ce ai ni ma na yi, na kuma daure. Ƙungiyar nazarin raɗaɗi ta duniya, wadda John Bonica ya assasa a farkon shekarun 1970, da ta sabunta ma'anar ciwo a 2020 ta jaddada cewa a girmama abin da mutum ya faɗa game da ciwonsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin likita shi ne ya iya tambaya, ya iya saurare, ya yarda, sannan ya san abin yi. Duka huɗun ana koyon su, kuma ana iya kasa koyar da su. Wani bincike na 2011 ya tarar matsakaicin lokacin da makarantun likitanci na Amurka ke ware wa darasin raɗaɗi a duk tsawon karatu awa 9 ne. A Kanada, binciken Judy Watt-Watson na 2009 ya nuna ɗaliban likitan dabbobi na samun awa 87, na likitan mutane 16. Wato an fi tanadin wanda zai duba kare a kan wanda zai duba mai karen. Wannan ce makarantar da ake tsoron kada na'ura ta lalata.

Hujjar marubucin mafi ƙarfi ita ce ta wariya, kuma ga ƙarin makami a gare shi. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun yi wa manyan manhajojin hira guda huɗu tambayoyin likitanci da suka shafi launin fata, kuma dukansu an kama su suna maimaita tsofaffin kurakurai, a kan ƙoda, a kan huhu, har da batun kaurin fata. Abin kunya ne. Amma a ina suka tsinto? A rubuce-rubucenmu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka Ziad Obermeyer ya nuna a mujallar Science a 2019 cewa wata manhaja da asibitocin Amurka ke amfani da ita wajen zaɓen masu buƙatar ƙarin kulawa tana danne baƙar fata, saboda an koya mata ta auna rashin lafiya da yawan kuɗin da aka kashe wa mutum, alhali dama can ba a kashe wa baƙar fata kuɗi daidai da Bature.

Amma akwai binciken da ban ga marubucin ya ambata ba, kuma a kansa maganata ta dogara. An daɗe da sanin cewa baƙar fata masu amosanin gwiwa a Amurka suna kukan ciwo fiye da fararen da hoton ƙashinsu ya yi kama da nasu. Likitan hoto yakan duba gwiwa ya ba ta maki bisa ma'aunin Kellgren da Lawrence, wanda aka tsara a 1957 a Ingila, a kan gwiwoyin Turawa. In makin ya ce gwiwa ba ta lalace sosai ba, majinyaci kuma yana cewa yana mutuwa, sai a ce abin a kansa yake, ko damuwa ce, ko raki. Emma Pierson da abokan aikinta, a wani aiki da mujallar Nature Medicine ta buga a 2021, suka sauya abu ɗaya. Maimakon su koya wa na'ura ta kwaikwayi makin likita, sai suka ba ta hotunan gwiwoyi na mutum sama da dubu huɗu tare da abin da kowane majinyaci ya faɗa da bakinsa game da zafin da yake ji, suka ce ta nemo alaƙar. Makin likitoci ya iya bayyana kashi 9 cikin 100 ne kawai na tazarar ciwo tsakanin baƙi da farare. Na'urar ta bayyana kashi 43. Ma'ana, ciwon yana nan a cikin gwiwar, a cikin hoton da likita ya riƙe a hannunsa, ma'aunin da aka koya masa ne bai iya ganin sa ba. Mutanen nan ba raki suke yi ba.

Na'ura iri ɗaya ce a labarin Obermeyer da na Pierson. Wadda aka ce ta bi takardar kuɗi ta gaji zaluncin da ke cikin takardar. Wadda aka ce ta bi bakin majinyaci ta tona asirin ma'aunin da aka shekara sittin ana koyarwa. Da ni ke tsara karatun likitocin raɗaɗi, waɗannan takardu biyu zan fara ajiye musu a makon farko, don su saba tambayar kowace manhaja da aka kawo musu: wa aka ce ki kwaikwaya? Likitan da aka hana shi taɓa irin waɗannan kayan aiki a lokacin horo ba zai iya wannan tambayar ba, kuma zai tarar da su suna jiran sa a asibiti ko ya so ko ya ƙi.

Mu sauko kan aikin hannu. Babban ɓangare na wannan sana'a allura ce: a nemo jijiyar da ke kai saƙon zafi, a zuba maganin kashe zafi a gefenta. Da sikanin ake yi. Wanda bai taɓa tsayawa bayan mai koyo ba zai ɗauka hoton a fili yake. Allon toka-toka ne kamar hazon hunturu. Mai koyo na riƙe da kan na'urar a wuyan majinyaci, saman ƙashin kafaɗa, ɗaya hannun da allura. A 'yar tazarar da ba ta kai faɗin yatsa biyu ba akwai tarin jijiyoyin hannu, akwai babbar jijiyar jini tana bugawa, ƙasa kaɗan ga fatar huhu. In ya zarce ya huda huhu, in ya zuba maganin a jijiyar jini majinyaci na iya kama jijjiga ko zuciyarsa ta tsaya. Babba yana tsaye yana cewa, "Ga ta nan, ba ka gani ba?" Shi kuwa bai gani ba, kunya ta sa ya ce ya gani. Wani kamfani a Cardiff ya ƙera manhaja mai suna ScanNav, wadda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2022. Tana shafa launi a kan hoton yayin da ake dubawa, jijiyar jini ja, jijiyar saƙo rawaya. Ba ta riƙe allura, ba ta yanke shawara. Abin da take yi shi ne abin da yatsan babba ke ƙoƙarin yi a kan allo, sai dai ita ba ta gajiya, kuma ba a jin kunyarta.

A nan ne tsoron lalaci ya shigo, kuma ba zan raina shi ba. A 2025 an buga wani bincike daga cibiyoyi huɗu a ƙasar Poland a kan ƙwararrun likitocin da ke leƙa babban hanji da kyamara don neman tsiron da kan rikiɗe ya zama daji. Kafin a kawo musu na'urar taimako suna gano tsiron a kashi 28.4 cikin 100 na waɗanda suka duba. Bayan 'yan watanni da sabawa da ita, a ranakun da suka yi aiki ba tare da ita ba, abin ya sauka zuwa 22.4. Bincike ɗaya ne, kuma ba a fannin raɗaɗi ba, amma in ido ya yi sanyi ga wanda ya shekara yana aikin, ina ga ɗan koyo? Maganin wannan yana hannun malami. Mai koyo ya fara nuna jijiyar da yatsa ya faɗi sunanta, sannan a kunna launi a ga ko ya dace. Ranar jarrabawa a kashe launin gaba ɗaya. Likitocin sa barci, waɗanda su ne ƙashin bayan wannan fanni, sun daɗe da sanin wannan dabara. Tun 1967 Jami'ar Kudancin California ta ƙera Sim One, mutum-mutumin da kwamfuta ke sarrafawa, don masu koyo su saba zura bututun numfashi kafin su taɓa maƙogwaron mai rai. A jami'ar ce kuma Howard Barrows ya fara ɗaukar mutane su yi wasan majinyaci a 1963. Ban taɓa jin wanda ya ce waɗannan sun kashe bakin gado ba.

Abin da ya fi damuna a maƙalar shi ne yadda ta ɗauka cewa babban da zai koyar yana nan tsaye a kowane lokaci. A Amurka horon ƙwarewa a wannan fanni wata 12 ne cur, da malamai a kowace kusurwa. Tarayyar ƙungiyoyin likitocin sa barci ta duniya ta ce mafi ƙaranci a samu biyar ga kowane mutum 100,000. Najeriya ba ta kai ɗaya ba. Mu ne kuma ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila, ƙiyasin da aka daɗe ana ambata shi ne jarirai kusan 150,000 a shekara.

Na taɓa raka wani ɗan'uwana mai sikila sashen gaggawa cikin dare. Yaro ne da bai wuce ashirin ba. Ya dunƙule a kan benci, ya cusa gefen rigarsa a baki yana cizo, ɗaya hannun yana latsa waya don ya ɗauke hankalinsa. Da matashin likitan da ke bakin aiki ya zo, sai yaron ya faɗi sunan allurar da ke yi masa aiki da adadin da aka saba ba shi. Likitan ya dubi wayar, ya dubi nas, nas ta taɓe baki. Sanin sunan maganin ya zama laifi, latsa wayar ya zama shaida. Aka sa masa ƙarin ruwa aka ce a jira. Ban ɗauki likitan mugu ba. Ya ga waɗanda allurar fentazosin ta lalata wa cinyoyi, ya ji labarin tiramadol da kodin, wani babba kuma ya taɓa gargaɗin sa kada 'yan ƙwaya su yi wasa da hankalinsa. Abin da ba a taɓa ba shi ba shi ne damar gwada wannan hirar a wurin da kuskure ba zai sa wani ya kwana yana cizon riga ba. Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. A Ingila ƙa'ida tun 2012 ita ce a ba mai sikila maganin zafi cikin minti 30 da isowarsa, amma rahoton da 'yan majalisarsu suka fitar a 2021 cike yake da labaran waɗanda aka ƙaryata.

Manhajar hira za ta iya zama wannan majinyacin. Za ta iya zama yaron da ya san sunan allurarsa, ko dattijuwa mai dajin mama da ke cewa da sauƙi alhali ba ta runtsa ba, ko wanda da gaske jaraba ta kama shi kuma da gaske yana ciwo, wanda shi ne mafi wuyar duka. Mai koyo ya yi hirar, ya ɓata, ya sake, a ajiye rubutun, malami ya karanta da safe ya nuna masa inda ya katse majinyaci da inda ya yanke hukunci kafin ya tambaya. Sharaɗin shi ne wanda binciken Pierson ya koyar: labaran da za a ɗora manhajar a kai su fito daga bakin masu ciwon, da harshensu, ba daga abin da likitoci ke zato game da su ba.

Akwai inda zan tsaya tare da marubucin kafaɗa da kafaɗa. Manhajojin da ke karanta ciwo a fuska, irin PainChek ta Ostareliya, an yi su ne don tsofaffi masu cutar mantuwa da ba sa iya magana, kuma a can suna da amfani. A kawo su ɗakin haihuwa a Katsina ko Maraɗi, inda ake tarbiyyar mace a kan kada a ji muryarta a haihuwar fari, a koya wa ɗalibi ya yarda da kyamara fiye da tambaya, wannan ɓarna ce. Haka kuma babu basirar da za ta cika kabad ɗin da babu mofin a ciki. Kwamitin mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rabawa. Yuganda ta rage wa kanta wannan masifa ne da ruwan mofin mai araha wanda Anne Merriman ta yi ta fafutuka a kansa tun 1993, da kuma dokar 2004 da ta ba ma'aikatan jinya masu horo izinin rubuta shi. Ba kwamfuta a cikin wannan labari.

Ranka ya daɗe, haramcin da kake nema ba zai kama ba. Tun farkon 2023 aka nuna ChatGPT na kaiwa bakin makin cin jarrabawar lasisin likitanci ta Amurka, kuma ɗalibanka sun ji labari. Da ƙarfe biyun dare, lokacin da kake barci kuma yake tsoron buga maka waya, likitan da ke horo yana tambayar wayarsa yadda ake sauya majinyaci daga allurar mofin zuwa na sha. Wani lokaci amsar daidai ce, wani lokaci ta kauce da adadin da zai iya tsayar da numfashi, kuma duka biyun da murya ɗaya take faɗar su. In ka haramta, zai ci gaba da tambaya a ɓoye, ba wanda zai duba. Gara a taron safe ka haska amsar a bango, ka ce su nemo kuskuren, su buɗe littafi su tabbatar, wanda ya kasa kuma kada ya rubuta mofin shi kaɗai tukuna. A sa jarrabawar sikanin ba launi. A zauna da ƙungiyoyin masu sikila a rubuta labaran gwaji da Hausa. Kwalejin horar da manyan likitoci ta ƙasa da takwararta ta Afirka ta Yamma su ke da ikon sa waɗannan a tsarin karatu, kuma ka fi ni sanin hanyar ofisoshinsu.